Tallafin gwamnati ga noman da ke raya ƙasa: akwai shi, amma me ya kamata ku roƙa?

Tambayar ta fito daga shugaban wata ƙungiyar manoma a arewacin jihar Katsina. Ya ce kullum suna ji a rediyo cewa gwamnati ta ware kuɗi don taimaka wa manoma su yi noman da zai jure sauyin yanayi ya kuma kare ƙasa, alhali gonakinsu sun gaji, rabin tasa ma ta zama fako. Yana son ya san ko tallafin gaskiya ne, kyauta ne ko bashi, kuma in Allah ya sa ya zo garinsu me ya kamata su roƙa.

Malam shugaba, Allah ya ƙara maka haƙurin jama'a. Tallafin gaskiya ne, akwai shi. Amma kafin mu je ga inda yake, bari mu warware kalmar, domin abubuwa uku ne mutanenmu suke haɗawa su kira su da suna ɗaya, kuma a shekarun da na yi ina aikin malamin gona ban ga abin da ya jawo wa manoma baƙin ciki kamar wannan ruɗani ba. Akwai rangwame, inda gwamnati take biyan wani kaso na kuɗin taki ko iri kai ka cika sauran. Akwai bashi, wanda komai sauƙin sharaɗinsa ranar biya tana nan tafe. Sannan akwai abin da aka ba ka ko aka yi wa garinku ba tare da an ce ku mayar ba. Ka tuna shirin Anchor Borrowers da Babban Bankin Najeriya ya kawo, wanda aka ƙaddamar a jihar Kebbi a watan Nuwamba na 2015. An fitar da sama da naira tiriliyan ɗaya a ƙarƙashinsa, kuma bashi ne tun ranar farko, amma manoma da yawa sun karɓa da zaton rabonsu ne na arzikin ƙasa. Da lokacin biya ya yi sai aka shiga tashin hankali. Saboda haka duk wanda ya zo muku da takarda, tambayar farko ita ce: cikin ukun nan wanne ne? A karanta muku da Hausa kafin kowa ya dangwala yatsa.

Babban shirin da ya shafi abin da kake tambaya shi ne wanda ake kira ACReSAL. Bankin Duniya ya amince da shi a watan Disamba na 2021 da kuɗi dala miliyan 700, na tsawon shekara shida, ga jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma babban alkawarinsa shi ne farfaɗo da hekta miliyan ɗaya na ƙasar da ta lalace. Ma'aikatu uku ne suka haɗu a kansa: ta muhalli, ta noma, da ta albarkatun ruwa. Kuɗin rance ne mai sauƙi da ƙasa ta ciwo, wato mu da 'ya'yanmu za mu biya. Na faɗi wannan ne don kada ka shiga ofishinsu kana sunkuyar da kai kamar mai bara. Kana da haƙƙin tambaya.

Shirin ba ya bin mutum ɗai-ɗai, kuma a nan ne mutane da yawa suke karaya. Yana bin hanyar ruwa ne: daga tudun da ruwan sama ke faɗowa, zuwa gonakin da yake wankewa, zuwa kwazazzabon da yake haƙawa, zuwa fadamar da yake cikewa da yashi. Ana zaɓen yanki a tsara aikinsa gaba ɗaya, domin gyaran gonarka ba zai tsaya ba matuƙar ruwan da ke gangarowa daga gonar maƙwabcinka bai lafa ba. A cikin yankin da aka zaɓa ana aiki da ƙungiyoyin al'umma. Wani aikin na kowa da kowa ne, kamar tare kwazazzabo, dashen itatuwa da samar da ruwa. Wani kuma asusu ne mai zagayawa, kusan kamar adashi: a ba ƙungiya ta yi sana'ar noma, ta mayar, a ba wata. Wannan na biyun bashi ne, in kun riƙe shi 'yan'uwanku na gaba kuka hana. Kowace jiha tana da ofishin shirin, kuma ayyukan Bankin Duniya suna zuwa da hanyar shigar da koke ga wanda ya ga an zalunce shi. Ku nemi sanin wannan hanyar tun kafin ku buƙace ta.

Akwai kuma Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa, wadda aka kafa a 2015 don aiwatar da shirin dashen itatuwa na tare hamada da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Tana aiki a jihohi 11 da hamada ke yi wa barazana, kuma Katsina na ciki, tare da Sakkwato, Kabi, Zamfara, Kano, Jigawa, Yobe, Barno, Bauci, Gwambe da Adamawa.

To, yanzu ga ɓangaren tambayarka da ya fi muhimmanci a wurina, wato me za ku roƙa. Kafin in amsa sai na kai ka Maradi, wadda ba ta da nisa da ku, ƙasarsu irin taku ce, geronsu irin naku.

Bayan farin shekarun 1970 an zuba kuɗi mai yawa a Nijar wajen dashen itatuwa. Ana renon dashe a lambu, a ɗauko a mota, a dasa, mafi yawa su mutu. Wani ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki da wata ƙungiyar mishan a Maradi, yana cikin masu wannan wahala. A 1983 ya lura da abin da kowane manomi yake gani kullum bai ɗauke shi komai ba: 'yan kalgo da sabara da ke tohowa a gona, waɗanda ake sarewa duk shekara lokacin sassabe, ba ciyawa ba ne. Kututturan itatuwa ne masu rai, da saiwarsu mai zurfi a ƙasa. In ka bar rassa kaɗan masu ƙarfi ka rage sauran, cikin 'yan shekaru sai ka ga itace ya miƙe, ba ban ruwa, ba lambun reno. Mutanen can suna kiran wannan sassaben zamani.

Da farko manoma ba su yarda ba, suna ganin gona mai kyau ita ce wadda aka share tas. Sai yunwar 1984 ta zo, aka shiga raba abinci a madadin aiki, aka sa barin itatuwa a gona cikin sharuɗɗan. An bar itatuwa wajen dubu 500. Da aka daina ba da abincin, kusan kashi biyu cikin uku aka sare. Duk wanda yake tsara tallafi ya kamata ya zauna ya yi tunani a kan wannan lissafi: abin da mutum ya yi saboda buhun hatsi, yakan bar shi ranar da buhun ya ƙare. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga abin da ya biyo baya. Iskar farkon damina ta daina binne musu shuka da yashi, matansu sun daina tafiya mai nisa neman itacen girki, dabbobinsu sun sami ganye da 'ya'yan itace a bazara, sun kuma sami azara da dirkar sayarwa. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, gani ya kori ji. Bayan kimanin shekara ashirin masu bincike suka ƙiyasta cewa abin ya mamaye wajen hekta miliyan 5 a jihohin Maradi da Damagaram, da itatuwa kusan miliyan 200, da yawansu gawo ne.

Me gwamnatin Nijar ta saka a ciki? Babban abin da ya canza shi ne ikon mallaka. A da itacen da ke gonarka na hukuma ne, in ka sare reshe malamin daji yana iya cin ka tara, don haka manomi mai wayo yakan kashe tsiron tun yana ƙarami kafin ya zame masa fitina. Da aka sassauta wannan, sannan dokar karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004 suka ƙarfafa haƙƙin manomi a kan abin da ya rena a gonarsa, sai itace ya koma dukiya. Ni a ganina wannan sauyin dokar ya fi duk motocin dashe da aka taɓa rabawa amfani.

Na ga kishiyar haka da idona. Wata shekara aka kawo dubban dashe wani gari da nake aiki, a ƙarshen watan Agusta, saura kaɗan ruwa ya ɗauke. An yi taro, manya sun zo, an dasa a filin da ba na kowa ba. Ba a ware kuɗin shinge ba, ba a ɗora wa kowa alhakin ban ruwa ba. Kafin hunturu ya fita awaki sun gama da su. Har yau abin yana ci mini rai, domin matasan garin sun yi aikin da zuciya ɗaya, kuma da aka sake zuwa musu da maganar itace bayan shekara biyu ba wanda ya fito.

Saboda haka ga abin da na yi imani da shi. Noman da ke raya ƙasa yana da rami a tsakiyarsa: ka yi wahalar bana, amfanin sai baɗi ko shekara uku. Talaka ba ya ƙin gyara, abincin da zai ci kafin gyaran ya biya shi ne ba shi da shi. Tallafin da ya cike wannan ramin shi ne mai amfani. Wanda kuwa ya tsaya ga rabon kaya a ranar biki, sai dai a ɗauki hoto.

Mu ɗauki fakon gonarka. Fako ƙasa ce da ta daskare a sama, ruwa yana gudu a kanta bai shiga ba. Ko buhu nawa na takin zamani ka zuba, ruwan farko zai tafi da shi. Maganin da aka jarraba aka gani shi ne tassa da rabin wata. Tassa ramuka ne ƙanana, faɗin kamar taƙi ɗaya da ɗan ƙari, a jere, ana tara ƙasar da aka haƙo a gefen gangare, a zuba taki na gargajiya cikin tafin hannu ɗaya ko biyu a kowane rami tun da rani. Gara takan biyo takin ta huda ƙasar, ruwa ya sami hanyar shiga, sai a shuka gero ko dawa a cikin ramin. Manoman Yatenga a Burkina Faso ne suka inganta dabarar, a cikinsu har da Yacouba Sawadogo wanda ya sami lambar yabo ta duniya a 2018 tare da Rinaudo, kuma manoman Illela a jihar Tawa ta Nijar sun je sun gani a ƙarshen shekarun 1980 suka dawo da ita gida. A can har an kai ga mutane suna sayen fako da gangan, domin sun san yadda za su tashe shi. Rabin wata kuma babban rami ne mai siffar jinjirin wata, bakinsa yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa, ana yin wajen 300 a hekta ɗaya.

Matsalar ita ce ƙarfi. Tassa a hekta ɗaya takan ci awa 300 ko fiye na haƙa, a ƙasa mai tauri, a zafin Maris da Afrilu, daidai lokacin da majiya ƙarfin gari suka tafi cin rani Kano ko Legas. To a nan ne kuɗin gwamnati zai yi aiki. Ku roƙi a biya ladan haƙa a waɗannan watannin don matasa su zauna gida. Ku roƙi diga da shebur, da amalanken da za a kwaso taki daga turke da juji zuwa gona, domin sau da yawa takin yana nan, abin ɗaukarsa ne babu. Ku roƙi wanda zai koya wa mutum biyu ko uku cikinku auna gangaren ƙasa, don rabin watan da aka kafa a karkace ruwa yakan fasa shi ya buɗe sabon kwazazzabo. In kuma za a kawo dashe, ku ce a kawo shi a farkon damina da zarar ruwa ya zauna, a dasa a gonakin masu shi, a haɗa da abin kariya, kuma a biya wani kaso na ladan bayan shekara ɗaya gwargwadon yawan waɗanda suka rayu. Wannan sharaɗi na ƙarshe ku da kanku ku kawo shi, zai nuna musu da gaske kuke.

Akwai maganar da ba a cika son taɓawa a taro ba, ita ce wane ne mai gonar. A cikin 'yan ƙungiyarka akwai masu noma gonar gado, akwai masu aro, haya ko jingina. Mai gonar aro ba zai haƙa tassa ba in yana tsoron ranar da gonar ta yi kyau mai ita zai karɓe abarsa, kuma yana da gaskiya. Mai gonar shi ma yakan ji tsoron a dasa masa itace, kada gobe a ce dashen shaidar mallaka ne. Ku zauna gaban dagaci da limami a rubuta: shekara nawa mai aro zai ci gonar bayan ya gyara ta, na wane ne itacen, wa zai sassabe rassan. Haka ma matan da mazansu suka yanka wa gayauna, a sa sunayensu a rajista, kada a rubuta mai gida kaɗai. Sannan makiyaya. Bayan kaka gona takan zama ta kowa, kuma in ba a yi magana da arɗo tun farko ba, tohon da kuka rena shekara guda zai tafi a yini ɗaya. Ba faɗa ake nema ba. Makiyayi ya fi kowa sanin darajar 'ya'yan gawo a bazara, kuma shanunsa da suka kwana a gonarka sun bar maka takin da kake nema. Akwai ciniki a tsakaninku in an zauna.

Gawo kuwa, in kana da tsironsa a gona, ka riƙe shi da kyau. Shi ne itacen da yake zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, don haka ba ya hana shuka rana, ganyen da ya zubar taki ne, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili.

Sauran abubuwan zan bi su da sauri. Iri mai saurin nuna yana da amfani sosai yanzu da damina ke zuwa a makare ta ɗauke da wuri: geron SOSAT, da irin dawa, wake da gyaɗa da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar. In za a ba ku, ku tambayi sunan irin da kwanakin nunarsa, ku jarraba tsirarsa a tsumma mai laima kafin ku kai gona. Takin zamani ba abokin gaba ba ne, ban yarda da masu cewa a daina shi gaba ɗaya ba, ƙasarmu tana da yunwa. Amma cikin murfin kwalbar lemo ɗaya a gindin kowace shuka, a kan takin gargajiya, ya fi watsa buhu a kan yashi. Injin ban ruwa mai aiki da hasken rana ya zama abin nema ga masu fadama tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuma yana da kyau, sai dai ku tambayi wa zai gyara shi in ya lalace, ku kuma tuna cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa yana da iyaka ko da rana kyauta ce. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara ba ya cin ko kwabo, ku neme shi kafin ku yanke shawarar binne.

Za ka iya jin cewa a ƙasashen Turai ana biyan manomi kuɗi a hannu don ya kula da ƙasa. Haka ne. Amurka tun 1985 tana da shirin da take biyan manomi haya duk shekara, na shekara 10 zuwa 15, don ya huta da gonar da ke zaizayewa ya bar ta da ciyawa ko itatuwa. Tarayyar Turai ta ware kashi 25 cikin ɗari na kuɗin da take ba manoma kai tsaye daga 2023 zuwa 2027 ga ayyukan kare muhalli. Abin koyi a wurinsu shi ne biya shekara bayan shekara, kan aikin da aka zo aka duba. Amma ko a can ba a dogara da shi ɗari bisa ɗari: a watan Maris na 2025 gwamnatin Ingila ta rufe karɓar sababbin masu neman shiga babban shirinta na irin wannan noma ba tare da gargaɗi ba, manoma da dama da suka gama shiri suka tashi a tutar babu. Shi ya sa nake cewa kada ku ɗauki wani aiki da zai rushe ranar da shirin ya naɗe tabarmarsa.

Ta fuskar shiri kuma, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku yi wa ƙungiyar rajista a ofishin ƙungiyoyin gama kai, ku buɗe asusun banki da sunanta wanda mutum biyu ko uku za su sa wa hannu, ku riƙe littafin da ke nuna sunan kowa, girman gonarsa da yadda ya same ta. Ku ɗauki hoton fakon da kwazazzabon da waya, da rani da kuma bayan ruwa. Ku rubuta takarda ta hannun dagaci da hakimi zuwa sashen aikin gona na ƙaramar hukuma da ofishin shirin na jiha, ku faɗi hekta nawa, mutum nawa, da aikin da kuke so a yi, ku ajiye kwafi mai hatimin karɓa. Ba a sayen fom. Duk wanda ya turo muku saƙo ta WhatsApp yana neman kuɗin rajista ko lambar sirrin katin banki, ɓarawo ne, ko da ya sa tambarin gwamnati.

Yana yiwuwa ku yi duk wannan a ce garinku ba ya cikin yankin da aka zaɓa. Wannan yana faruwa, kuma ba zan ɓoye maka ba. Amma sassaben bana yana hannunku. Ka ce wa mutanenka kowa ya zaga gonarsa kafin ya ɗauki adda, ya zaɓi kututture wajen 40 a hekta, na kalgo, sabara, gawo, aduwa ko magarya, a kowanne ya bar rassa uku zuwa biyar mafi miƙewa, ya datse na gefe da wuƙa mai kaifi daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage, ya ɗaura ƙyalle a jiki don yara da masu itace su san an rena shi. A kan fakon taka kuma ku yi gayya ku haƙa tassa ko da kwata ɗin eka ce, a bar gefenta yadda yake don a kwatanta da kaka. In jami'an suka zo, can za ka fara kai su kafin ku zauna a zaure.